Wai Mara Sukari

Ni dai da ruwan randa na girma, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa. A gidan da aka raine ni, nan Wudil ta ɓangaren kogi, randuna uku ne a jere ƙarƙashin darbejiya, an binne gindinsu cikin yashi mai laima, kowacce da faifai a baki da moɗa a kai. In ka dawo daga rana ka ɗaga faifan nan, ƙanshin yumɓu ne zai fara tarar ka kafin sanyin. Baƙo in ya yi sallama, ruwan nan ake kai masa, ya sha ya yi hamdala, sannan a shiga gaisuwa, a tambayi gida da gona da mutanen da ya baro. Ba wanda ya taɓa ganin an raina shi don an ba shi ruwa. Yanzu kuwa in ka tari baƙo da ruwa zalla, kafin ya kai ƙofar gida an fara cewa gidan nan sun tsiyace ko rowa ta kama su. Jikokina ma in na miƙa musu kofi sai su leƙa ciki su yatsina fuska, su ce, "Hajiya, ba lemo?" Yaro bai gama iya tsarki ba, ya san sunan lemo kala biyar. Wannan abu yana ƙona min rai, kuma ina da dalili.

Mahaifiyarmu ta rasu ina da ɗan wayo, ƙanena kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Yayarta ce ta ɗauke mu, ita muke kira Inna. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo, ba ta sake aure ba, da kunun zaƙi ta riƙe kanta ta riƙe mu. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka sau ɗaya za ka san inda ka tsaya. A hannunta na san cewa zaƙi abu ne da ake jira. Lokacin rake a sha rake, lokacin ɗinya baki ya yi baƙi, lokacin kanya a ci kanya, in ya wuce sai baɗi. Goruba sai ka yi ta gwaguya har haƙora su gaji kafin ta ba ka ɗan abin da ke jikinta. Mazarƙwaila kuwa sai an yi babban baƙo ko wani ya tashi daga ciwo, a ɓantaro kamar kan yatsa. Ba mu san wani zaƙi da ake buɗe murfi a kwankwaɗa safe da rana da yamma ba.

Mutanen yanzu in sun ji an ce kunun zaƙi sai su zaci sukari ake juyewa a ciki. Inna ba ta taɓa sayen sukari don kunu ba. Kunun da za a kai kasuwa ranar Juma'a, tun Asabar ake fara aikinsa. A jiƙa dawa ta kwana, a tsane, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu a lungun ɗaki, a rufe da wani buhun. Aikina ne in yayyafa mata ruwa safe da yamma, ba da yawa ba kada ta ruɓe, ba kaɗan ba kada ta bushe. Zuwa Talata za ka ga ta fito da 'yan fararen saiwoyi sun sarƙe da juna, ɗakin ya ɗauki wani ƙanshi kamar na gona bayan ruwan farko. Wannan shi ne tsiro. A shanya shi Laraba da Alhamis, a daka. Ranar Alhamis da la'asar kuma sai dutsen niƙa: jiƙaƙƙen gero da citta da kanumfari da busasshen dankali, ina durƙushe ina turawa har kafaɗuna su mutu, Inna tana gefe tana taɓa ƙullun da yatsa tana cewa da saura. A raba ƙullun biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa ya yi kauri kitif, a jira ya huce, sannan a zuba ɗanyen da garin tsiro, a juya, a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe abin da ka bari da kauri za ka tarar ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito daga jikin hatsin da kansa. Zaƙi ne mai kunya, ba ya dukan harshe. Ka sha ƙwarya guda ka yini kana aiki ba ka nemi abinci ba.

Ni nake ɗaukar tulun zuwa kasuwa. Wanda bai ga Juma'ar Wudil a wancan zamanin ba ba zai gane ba: kukan shanu daga kara tun hantsi, masu kora suna fito, masunta suna hawowa daga kogi da kwanduna, matan Fulani a jere da ƙoren nono, ƙurar kofato ta haɗu da ƙanshin ƙuli-ƙuli. Wurina gindin wata tsamiya ne kusa da hanyar kara. Masu sayen kununmu sanannu ne, yawancinsu masu koro shanu daga nesa, da ƙishi suke isowa. A cikinsu akwai wani dattijon Bafulatani, siriri, mai farin gemu, wanda ba ya fashi. Yakan jingina sandarsa, ya tsuguna, ya karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya sha a hankali idonsa a rufe, ya ce, "A gaida Inna."

Wata shekara, ban fi goma sha uku ba, aka aiko daga Achika cewa wata 'yar'uwarmu ta haihu kuma jikin ya yi tsanani. Inna ta goya ƙanena ta tafi, ta ce za ta yi mako. Ta bar ni a hannun maƙwabciya, ta kuma bar min aikin kunu gaba ɗaya, karo na farko. Na yi ta jin kaina kamar wata babba. Na yi yayyafi yadda ya kamata, tsiro ya fito kyakkyawa, na shanya a tabarma. Ranar Alhamis da hantsi ƙawayena suka biyo za su kogi wanki, suka ce in zo, yanzu za mu dawo. Na tafi ban sakaya ƙyaure ba. Muka yi wanki, muka yi wanka, muka yi ta watsa wa juna ruwa har rana ta take. Da na dawo na tarar da awakin maƙwabta uku a tsakar gida, cikinsu ya yi tim, tabarma kuwa kamar an share.

Na zauna na yi kuka har na gaji. Tsiro ba abin da ake yi a yini ɗaya ba ne, ga kasuwa gobe. Ina cikin haka na tuna da wani ɗan koli da ke baza kayansa kusa da tsamiyata, mai allurai da madubi da turare. Ya sha nuna min wani farin abu a ƙunshin takarda, kamar gishiri, yana cewa daga birni ya zo da shi, sunansa sakarin. Na san gidansa, na je na same shi a zaure.

Ya yi dariya ya ce, "Ke da Innarki kuna wahalar da kanku a banza. Kwana shida kuna bautar dawa! Wannan kika ɗiba da bakin tsinke, tulu guda ya ji. Karɓi, na ba ki ki gwada."

Na ce, "Ba ya yin komai a ciki?"

Ya ce, "Me zai yi? Duk masu kunun birni shi suke sawa. Wa zai gane?"

Na niƙa gero, na dama, na rufe. Da safe na tarar da shi da kauri yadda na bar shi, tunda babu tsiron da zai tsinka shi. Na kwarara ruwa har ya yi daidai a ido, na buɗe takardar nan na barbaɗa. Na ɗanɗana, na ji zaƙin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Na ƙara kaɗan.

Ranar, kafin a kira sallar Juma'a tuluna ya ƙare. Samari suna sha suna lashe baki suna kiran abokansu. Wata mai ƙosai ta ce da ni, "Yarinya, ai kin fi Innarki hannu." Kaina ya yi girma. Sai ga dattijon nan ya iso, ya jingina sanda, ya tsuguna. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya buɗe ido ya dube ni. Ya haɗiye da ƙyar, ya miƙo min ƙwaryar da sauran kunun a ciki.

Ya ce, "Inna lafiya take?"

Na ce, "Ta yi tafiya."

Ya ce, "Na ji a bakina." Ya ɗauki sandarsa ya nufi wajen masu nono. Bai ce a gaida kowa ba.

Inna ta dawo ranar Asabar. Tun a hanya mata suka tare ta da barka, wai 'yarta ta yi kunun da ya girgiza kasuwa. Ta shigo, ta sauke goyo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce wajen tulu. Na wanke shi, amma yumɓu ba ya mantuwa. Ta zura hannu ta shafo gindinsa, ta kai yatsa harshe. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "Kawo sauran."

Ban yi gardama ba, na ciro takardar daga ƙarƙashin tabarma. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta zuba, ta juya da yatsa, ta ce in kurɓa in riƙe, kada in haɗiye sai ta ce. Da farko zaƙi ya cika min baki har kunnuwana. Can sai wani ɗaci ya taso daga ƙarshen harshe, kamar na tsotsi tsohon ƙarfe, ya bi maƙogwaro ya tsaya. Hawaye suka zubo min. Ta ce in tofar.

Ta ce, "Mutanen nan tun asuba suke tafe a ƙasa bayan shanu. Wanda ya miƙo miki hannu bai ga abin da kika zuba ba, cikinsa ya ba ki amana. Kin ba su ruwa, kin yi wa harshensu ƙarya, sun koma daji da yunwa suna zaton sun ƙoshi. Da kin ce awaki sun cinye tsiro, wa zai kashe ki?"

Ba ta dake ni ba. Da dukan ta yi da ya fi min sauƙi. Tulun ta mayar da shi na ruwan kaji. Juma'ar da ta zagayo ta yafa mayafi, ta sa ni a gaba da sabon tulu, ita da ta yi shekaru ba ta taka kasuwa ba. Ta zauna a gindin tsamiya, duk wanda ya zo sai ta ce, "Tsaya, yarinya tana da magana." Ni kuma in ce, kaina a ƙasa, "Kunun makon jiya ba na gaskiya ba ne, magani na sa, ku yafe ni." Na faɗa ya fi sau talatin. Wasu suka yi dariya, wasu samari ma suka ce ai wancan ya fi daɗi, a dawo da shi. Ɗan kolin ya tattara kayansa ya koma can wajen masu tukwane. Da dattijon ya zo na faɗa masa, sai ya tsuguna, ya ce, "Allah ya shirya mu baki ɗaya. Zuba min." Ya sha ya shanye.

Abin da aka tsayar da ni a tsakiyar kasuwa ina neman gafara a kansa, shi ne yau ya zama sana'a, ba mai ko sunkuyar da kai. A idona aka yi. Lemon kwalba ya fara shigowa gidajenmu sai da Sallah, kwalba ɗaya a raba wa yara huɗu a murfin kwano. Daga nan ya zama na suna da biki, daga nan na kowace rana. Sai garin lemo a 'yan ledoji, sai ƙanƙara mai launi da ake sayarwa a ƙofar makarantu, yaro ya dawo harshensa kore shar ko ja kamar ya sha jini. Zoɓon da muka sani da tsaminsa da cittarsa, yanzu an narka masa kala da farin garin nan, ka sha ka yini kana jin ɗaci a wuya. Masu kunun zaƙi da yawa ba su taɓa ganin tsiro da idonsu ba. Na yi kunu irin na Inna a sunan wata jikata, na yi kwana shida a kansa da hannuwan nan masu ciwo, aka kurɓa aka ajiye, wai salam, babu zaƙi. Ina kallo aka ba almajiran unguwa da awaki, mata kuwa suna cusa robobin lemo a jaka. An kashe wa mutane harshe, shi ke nan.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa in yi shiru, da bai biyo ta kan ƙanena ba.

Shi da ya girma sai ya zama direban babbar mota, yana ɗaukar shanu daga kara zuwa kudu. Tafiyar kwana da kwanaki, ba tsayawa cin abinci, sai burodi da lemo a gefen sitiyari. Shekara talatin yana haka. In ya dawo gida na kai masa fura sai ya ce a ƙara sukari, a ƙara dai. Bayan ya ajiye tuƙi ya fara rama, ga ƙishi ba dare ba rana, ga yawan fitsari. Aka kai shi asibiti aka ce ciwon suga ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya bar lemo, ya rage tuwo, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya yi wata biyu yana bi, yana ƙunci kamar wanda aka yi wa mutuwa, ba mai iya yi masa magana a gidan.

Sai babban ɗansa, wanda ya yi boko mai zurfi yana aikin ofis, ya zo masa da katan guda na wani lemo. Kala ɗaya da wanda ya saba sha, kumfa ɗaya, zaƙi har ya fi, amma wai mara sukari. Yaron nan da kyakkyawar niyya ya kawo, na sani, tausayin ubansa ya ji. Ranar na ga ƙanena yana dariya har da tafi.

Na ɗauki robar na kurɓa. Zaƙi ya bugi harshena, can ƙarshe kuma na ji wani abu da na sani. Na ce, "Kai, in ba sukari a ciki, to mene ne wannan?"

Ɗan ya ce, "Gwaggo, wani sinadari ne, an gwada shi, ba ya ɗaga suga. Ai ilimi ya ci gaba."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ke dai komai sabo sai kin yi faɗa da shi. Wannan don irinmu aka yi shi."

Na yi shiru. A nan ne nake jin haushin kaina fiye da kowa. Na ce a raina ni ban yi boko ba, wa ya aike ni musu da masu karatu. Ina gani katan yana ƙarewa ana kawo wani. Ina gani ya daina shan ruwa sam, da asuba lemo, bayan tuwo lemo. Wani a tasha ya gaya masa wai lemon yana wanke sugan da ke cikin jini, ya yarda, domin abin da yake so ya ji ke nan. Ya koma cin tuwo malmala uku, da shinkafa, da alkaki in an yi biki, yana korawa da robar nan yana cewa ai ga maganinsa. Ƙwayoyin asibiti kuwa ya ce suna murɗa masa ciki, ya zuba su a aljihun tsohuwar riga. Matarsa ta sani, ta ji tsoron faɗansa. Ni ma na ji ƙishin-ƙishin, na ce bari in sami lokaci in zaunar da shi. Ban zaunar da shi ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, matarsa ta ga jini a inda ya taka. Ƙusa ce ta huda takalmi ta shige tafin ƙafarsa, ya yini da ita bai ji ba. Aka cire, aka wanke da ruwan zafi, aka ɗaure. Ciwo ya ƙi warkewa. Yatsu suka yi baƙi, ɗaki ya fara wari. Daga asibitin nan aka tura mu Kano, a can likita ya kira mu gefe ya ce in ana son ransa sai a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ɗansa ne ya sa hannu, yana kuka takardar tana jiƙewa. Yaron da na goya a bayana ina niƙa, na ga an turo shi a gado, zani ya kwanta shafal a inda ƙafa take.

Kwana uku da yin aikin 'yan dubiya suka fara zuwa daga Wudil: abokan tuƙinsa, maƙwabta, surukai. Kowa ya shigo da leda a hannu. Na fita alwala na dawo, na sunkuya zan ajiye buta, sai na ga ƙarƙashin gadon cike da katan-katan na lemo. Wasu masu sukarin ne ma ƙiri-ƙiri, wasu kuma irin nasa, wai an tuna da lalurarsa. Wani abokinsa yana tsaye yana murɗe murfin ɗaya zai miƙa masa.

Ban san lokacin da na fizge ba. Na ce, "Ɗayar ƙafar kuka zo karɓa? Ba ku ga abin da ke kwance a gabanku ba? Mutum an yanke shi kamar rago, ku rasa abin da za ku kawo masa sai wannan?" Na kama katan na ja shi ƙiii har baranda, na dawo na ja wani. Ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba.

Ɗansa ya riƙe min hannu ya ce, "Gwaggo, don Allah, mutane suna kallo."

Na ce, "Su kalla! Da na yi wannan haukan tun ranar da ka fara kawowa, da yau da ƙafarsa zai koma gida."

Ya sake ni, ya juya ya fuskanci bango. Na san na soke shi, kuma a lokacin ban damu ba.

Wata nas ce ta zo ta kama kafaɗata, Kirista ce 'yar wajen Filato, mai sanyin murya. Ta kai ni benci ta zaunar, ta miƙo min ɗankwalina. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri in gaya miki gaskiya. Yaron nan bai yi ƙarya ba, babu sukari a lemon. Amma ba magani ba ne, ba ya wanke komai. Barin ƙwayoyi da cin abinci ba ƙa'ida su suka kai Baba nan. Abin da lemon ya yi, ya sa ya saki jiki yana ganin ya tsira, kuma bai bar bakinsa ya saba da rashin zaƙi ba."

Na ce, "To in mun koma ni zan riƙa dama masa kunun gida, irin na da, ba sukari ba magani."

Ta girgiza kai ta ce, "Shi ma sai kaɗan, Mama. Gero ma in ya shiga jikinsa suga yake zama. Ruwa dai. In ya gaji da ruwa, zoɓo ba a sa masa komai ba."

Wannan ta fi komai yi min ciwo. Abin da na iya, abin da na yi alfahari da shi duk rayuwata, shi ma yanzu an kai ɗan'uwana inda zai cuce shi. Na zauna a bencin nan na yi kukan da ban yi ba ranar aikin.

Da aka sallame mu na tattara 'yan kayana na koma gidansa, na ce ba inda za ni sai na ga ya saba. Ni nake ba shi ƙwaya da hannuna in tsaya sai ya haɗiye. Ruwa yake sha yana ɓata rai, zoɓon kuma ya ce kamar hukunci. Ɗansa ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ni ma na ba shi, don na faɗa masa abin da ya fi laifinsa. Katan-katan ɗin asibiti kuwa ashe ba a bar su can ba. An loda su a but ɗin mota an kawo, an jibge a ɗakin ajiya, wai zubarwa almubazzaranci ne.

Wata rana da azahar na fito daga ɗakinsa da kwano, sai na ga matar ɗan nasa zaune a tabarma da 'yarta a cinya, jaririyar da ko wata goma ba ta cika ba. Ta buɗe robar lemon nan tana tsiyayawa a fida, ta sa wa yarinyar a baki. Yarinyar ta kama da hannu biyu tana zuƙa tana lumshe ido.

Na ce, "Me kike ba ta?"

Ta ce, "Gwaggo, ai mara sukarin ne, ba ya komai. In ba shi ba ba ta yin shiru."

Na ajiye kwanon, na zare fidar daga bakin yarinyar. Ta callara ƙara, uwar ta miƙe tana cewa ita fa ba a yi mata haka a kan 'yarta, abin da mijinta ya saya ne. Na buɗe ɗakin ajiya, na jawo katan na farko zuwa bakin rariya, na zauna a kan turmi, na shiga murɗe murafu ɗaya bayan ɗaya ina tuttulawa. Kumfa ta cika rariya ta fita waje, yaran unguwa suka taru a ƙofar gida suna salati. Matar ƙanena ta fito ta tsaya riƙe da baki. Surukar ta shige ɗaki ta bugo ƙofa, kuma har yau gaisuwarta daga nesa take, a taƙaice. Ta daɗe ba ta gaishe ni ba ma, ban rasa barci ba.

Hannuna ya yi ja, yatsuna sun ƙage, ina kan katan na huɗu, sai na ji muryar ƙanena daga ɗaki. Tun ɗazu yana jin komai ta taga.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "In cewa za ka yi in bari, kada ma ka fara."

Ya ce, "Akwai wani katan a ƙarƙashin gadona. Shi ma a fitar."

Na shiga, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na zura hannu. Biyu na jawo, ba ɗaya ba.